Gonar da Aka Ƙi Rabawa: Rabon Mata da Uzurin Maza a Ƙasar Noman Rani

A shekarar 1923 Sarkin Kano Usman ya hana mata gadon gida da gona a masarautarsa. Bai ce ayoyin rabon gado sun daina aiki ba, domin babu malamin da zai goyi bayan irin wannan magana. Hujjar da aka kafa ita ce wai matan da suka gaji gidaje suna ƙin zaman aure, suna zaman kansu, har wasu na faɗawa karuwanci, don haka hana su gadon tsare musu mutunci ne. Hukuncin ya yi shekara 31 yana ci, sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya ya soke shi, bisa la'akari da halin da tsofaffin mata marasa galihu suka shiga. Masanin tarihi Steven Pierce ya bi diddigin lamarin a wani nazari da ya wallafa a 2003. Da sunan gyaran tarbiyya aka karɓe haƙƙin, alhali gonakin da aka hana matan ba sama suka tashi ba, hannun 'yan'uwansu maza suka koma. Ranar da aka mayar da shi kuma da harshen tausayi aka mayar, kamar alfarma ake yi musu. Fada ta soke dokarta shekara 70 ke nan da ɗoriya, amma ƙwace da sunan alheri, da biyan bashi da sunan kyauta, suna nan da ransu a zaurukan Dawakin Kudu da Kura da Bunkure da Garun Malam.

Duk lokacin da aka tashi maganar danne wa mata gado sai ka ji an ce jahilci ne, a ƙara wa'azi. Ni ban yarda ba. A yankin da kowace unguwa ke da makarantar allo da Islamiyya, da wuya ka sami magidancin da bai san 'ya mace na da rabin rabon ɗa namiji ba, ko bai san tumunin takaba ba. Aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta tabbatar wa mata rabo ko dukiyar kaɗan ce ko mai yawa, aya ta 11 da ta 12 suka yanka kason kowa, kuma duk azumi ana jin tafsirinsu a masallatai da rediyo. Wanda ya riƙe gonar ƙanwarsa ya san abin da ya riƙe. Abin da yake nema, domin ya iya barci ya kuma iya tsayawa a sahun gaba, shi ne wata magana mai daɗin ji da zai lallashi zuciyarsa da ita ta yi shiru. A ganina wannan uzurin ne babban abin da ke tare wa mata hanya a ƙasar nan, fiye da ƙarancin doka ko ƙarancin sani, kuma muddin ba a kwance shi ɗaya bayan ɗaya ba, wa'azi zai ci gaba da bi ta bayan kunne.

Akwai dalilin da ya sa maganar ta fi zafi a nan. Kafin Gwamna Audu Bako ya gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, gonakin tudu sau ɗaya suke bayarwa a shekara, gero da dawa da gyaɗa, noman rani kuwa sai mai fadama da jigo. Da shirin noman rani na Kogin Kano ya zo, wanda aka fara gwajinsa a Kadawa aka kuma tsara zangonsa na farko a kan hekta wajen 22,000, sai darajar ƙasa ta canza. Filin da a da yake kwance daga kaka har faɗuwar ruwa ya koma yana ba da shinkafa da damina, alkama ko tumatir ko albasa da rani. Kura ta zama garin shinkafa, Kwanar Gafan ta zama inda manyan motoci ke lodin kwandunan tumatir zuwa Legas, kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa a 2016. Ta ɓangaren Dawakin Kudu kuma, ban da noman bakin kogi irin na Tamburawa, birni ne ke ta miƙo ƙafa ta hanyar Zariya, gonaki na komawa fulotai. Sa'ad da aka baje gonaki aka sake yanka su don ruwa ya bi, sunan maigida aka fi rubutawa, kuma har yau ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, da ke aiki da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, galibi taron maza ne. Takarda ba ta soke gado ba, amma ta ba mai riƙe da gona abin nunawa. Gwargwadon tsadar eka, gwargwadon ƙwarewar mutane wajen nemo dalilin da zai hana a raba ta.

A ɗauki misalin da duk ɗalibin ilimin gado zai warware a tsaye. Mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza 2 da mata 3, da gona a bakin kanal. Bayan biyan bashi da wasiyya, kashi 8 gonar za ta yi: uwa 1, kowace 'ya 1, kowane ɗa 2. In aka haɗa, rabin gonar cur na matan gidan ne. Idan aka fitar da kuɗin taki da na ruwa da na ƙwadago da ladan wanda ya tsaya a kan aikin, buhu 40 na shanshera suka rage, kowace a cikin matan nan huɗu tana da buhu 5 a wannan kakar kaɗai, ban da amfanin rani. Abin da aka saba gani kuwa shi ne, ana jibi Sallah a ɗora wa yaro rabin buhu a babur ya kai gidan auren kowace, da saƙon gaisuwa. Ta yi godiya, ta sa albarka, ta gaya wa maƙwabta yayanta mai zumunci ne. Shi ma haka yake jin kansa. Ya biya kashi ɗaya cikin goma na bashin da ke wuyansa, ya kuma karɓi godiyar mai kyauta.

Yadda ake kaiwa ga haka ma ba ɓoyayye ba ne. Bayan sadakar arba'in maza su zauna a zaure da baffan yara da liman, a lissafa kuɗi da dabbobi da tufafin mamaci a raba, mata su sami nasu ba gardama. Da an zo kan gona sai murya ta yi ƙasa. Babban wa ya shiga cikin gida ya durƙusa ya ce, "Inna, gonar nan ta bakin ruwa ina ganin a bar ta a haɗe yadda Baba ya bar ta, kada mu tozarta gidan nan. Ku kuma ƙannena, ai duk abin da ya same ku ni ya sama." Uwa na cikin takaba, ba ta son abin da zai raba kan 'ya'yanta. Ƙanwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, duk yadda kuka yi daidai ne." Liman ya shafa fatiha, a watse. Ba wanda ya yi ƙarya a wurin, ba wanda ya ɗaga murya, ba a kuma sa ranar da za a dawo kan maganar ba. Bayan shekara 20 gonar tana hannun 'ya'yan wan, su kuma iyakar saninsu ta ubansu ce.

Uzurin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne na gutsuttsura gona, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Yawancin manoman shirin ƙananan filaye gare su, ruwan kuma ta ƙananan magudanai yake bi zuwa kowane fage. In aka yanka eka 2 gida 8, wani yankin ba zai taɓa bakin ruwa ba, tarakta ba za ta sami wurin juyawa ba, rigimar ranar ban ruwa ta ƙaru. Duk haka ne. Sai dai yanka ƙasa daban, mallakarta daban. Fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi ya san rabon da ba na igiya da turke ba. Ana iya raba amfani bi da bi, wannan ya noma bana, wancan baɗi. Ana iya barin gonar a hannun mutum ɗaya ya riƙa biyan sauran kuɗin haya, ko a yi mata kuɗi ya sayi kasonsu da farashin ranar. Hayar gona kuwa ba baƙon abu ba ce a Kura da Kadawa, kowace shekara ana ba 'yan kasuwa da ma'aikatan birni, yaro ma ya san kuɗin eka. Mutumin da ya iya ƙirga wa bare kuɗin haya har sisin kwabo, in ya ce lissafin kason ƙanwarsa ya gagare shi, ba gonar yake tausaya wa ba. Kuma ina wannan tsoron gutsuttsurawa yake shiga ranar da mazan biyu suka saɓa, suka kira mai unguwa ya ja musu iyaka?

Wasu uzuran ba su ma kai wannan ba. Ana cewa gona za ta koma gidan wani, wato gidan mijinta, alhali shari'a ba ta ba miji ko taku ɗaya a dukiyar matarsa ba, kuma in tsoron ta sayar wa bare ake ji, haƙƙin shuf'a ya ba abokin tarayya damar ya riga kowa saye, biya kawai ake nema a wurinsa. Ana cewa mace ba ta noma, tana cikin kulle. To alhazan birni masu eka-eka a Kadawa, yaushe rabonsu da riƙe fartanya? Da waya da 'yan ƙwadago suke noma, ba wanda ya ce mallakarsu ta faɗi. Har akwai masu fakewa da cewa tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasa ta gwamnati ce, ba dukiyar gado ba. Abin mamaki, ƙasar da ba ta gaduwa ga 'ya mace ita ce ɗa namiji ke gada, ya jinginar, ya sayar, ya ƙara aure da kuɗin. Mai cewa "ai ni nake ɗauke da nauyinta" kuwa shi ke tona kansa, domin hikimar da malamai ke bayarwa ta ninka rabon namiji ita ce nauyin sadaki da ciyarwa. An riga an biya shi a cikin kaso 2 da ya samu. In ya dawo ya haɗa da kason ƙanwar da sunan wannan nauyin dai, ya karɓi lada biyu ke nan a aiki ɗaya, aikin da sau da yawa ma ba a yi shi ba.

Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne "ai ita ta yafe da bakinta". Mace baliga mai hankali tana da ikon yin kyauta da dukiyarta, kuma akwai matan da ke bar wa ƙaninsu mai ƙaramin ƙarfi kasonsu da zuciya ɗaya, Allah ya saka musu. Amma yafiya na da sharaɗi: mai yafewa ya san abin da yake yafewa, ya kuma san zai iya cewa a'a ba tare da ya jawo wa kansa ba. Matar da ba a taɓa gaya mata girman kasonta ko kuɗin hayarsa ba, me ta yafe? Ta kuma san abin da ke jiran wadda ta ce a raba: a ce ta yanke zumunci, mijinta ne ke zuga ta, ba ta da kunya. A ƙasar da saki ya yi yawa kamar tamu, gidan wa ne makomarta ranar da aure ya mutu, saboda haka da shirun nan nata hayar ɗakin da ba ta shiga ba tukuna take biya. Malamai sun daɗe da bayyana cewa abin da aka karɓa ta hanyar sa mai shi jin kunya bai halatta ba. Ko ƙa'idar hauzi, wadda ke kashe da'awar wanda ya ga ana cin gonarsa ya yi shiru shekara 10, idan tsakanin dangi ne sai ta kai shekara 40, domin masu fiƙihu sun san shirun ɗan'uwa kara ce. Ƙasar Jodan, da ta ga irin wannan yafiyar ta zaman makoki ta yi yawa, ta sa sai an yi wasu watanni da rasuwa kafin kotu ta rubuta sallamawar magaji. Pakistan a 2011 da Masar a 2017 sun mai da danne gado laifin ɗauri. Duk ƙasashen Musulmi ne, ba kuma wanda ya ce sun bar addini.

Matan da ake cewa ba sa noma kuwa su ne cike da fagagen. Da sassafe ga su nan a hanyoyin Kura da Bunkure, zawarawa da tsofaffi da 'yan mata, wasu da goyo, sun tattare zani sun shiga taɓo dashen shinkafa, ko suna tsinkar tumatir, ko suna shiƙa a masussuka ƙaiƙayi na bin fuska, wasu kuma na kala a bayan masu yanka. A cikin gida matan kulle ne ke turara shinkafar, su shanya, a kai inji. Ladan mace a yini sau da yawa bai kai na namiji ba, shi ma da uzurinsa a shirye: wai aikinta mai sauƙi ne, wai na sabulu take nema, alhali da yawansu marayu suke ciyarwa. Kada a ɗauka ba su san ana ƙwarar su ba. A shekarun 1970 matan ƙauyukan yankin da ke tsinkar ɗanyen wake a gonar wani kamfanin Turai a cikin shirin sun yi yajin aiki a kan kuɗin ƙwadago, har wata mujallar nazarin tattalin arzikin Afirka ta buga labarin a 1978. Sun iya ja da kamfani ne domin kamfani ba wansu ba ne, ba kuma gidansa za su koma ba in aure ya mutu.

Ta yaya mutum zai bambance uzuri da hujja? Addinin da muke bi bai bar wannan a duhu ba. Suratul Ƙiyama ta ambaci rai mai zargin kansa, ta kuma nuna cewa mutum ya san kansa komai yawan hanzarin da ya kawo. Hadisin Wabisa ɗan Ma'abad, da ke cikin Arba'una Hadis da yaranmu ke haddacewa, ya mayar da mai tambaya ga zuciyarsa ko da an ba shi fatawa, hadisin Ummu Salama kuma ya gargaɗi wanda ya fi abokin shari'arsa iya baki cewa hukuncin alƙali ba zai halatta masa haƙƙin wani ba. Uzuri dai kullum inda aljihun mai shi yake so nan yake ƙarewa. A 1923 tarbiyya aka ce, yau zumunci ko ƙanƙantar fili ake cewa, gona kuma tana hannun da take. Mai uzuri ba ya yarda a juya masa shi: a ce wa wan, tunda barin ta a haɗe ya fi albarka, a rubuta ta da sunan ƙanwar, ita ta riƙa aiko masa da rabin buhu da Sallah, a ga ko zai sa albarka. Sai kuma saurin fushi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, shi ya sa tambaya 'yar ƙarama irin "Yaya, ina aka kwana a maganar gonar Baba?" kan jawo faɗan da ya fi ƙarfinta. Wannan fushin shaida ne cewa lamirin bai mutu ba, danne shi ake yi, kuma a nan nake ganin fatan gyara.

In duk waɗannan suka ƙare sai a ce maganar 'yancin mata aƙidar Turawa ce. Lalle akwai ƙungiyoyin waje da ke zuwa da harshen da bai san mutanen nan ba. Amma dokar 1923 duk shekarunta 31 a ƙarƙashin mulkin Turawa ta yi su, kuma masu wannan kira a ƙasar Hausa ba baƙi ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Nurul Albabi ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje, a Kitabul Farƙi kuma ya lissafa cin dukiyar mamaci cikin zaluncin sarakunan da ya yaƙa. 'Yarsa Nana Asma'u ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata a tsarin 'Yan Taru. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta sha ɗauri a gwagwarmayar da neman wa mata zaɓe ke cikinta, lokacin ana cewa al'ada da addini ba su yarda ba. Matan Arewa suka sami ƙuri'a a 1976, yau kuma 'yan siyasa har motoci suke aikawa a kwaso su ranar zaɓe. Uzurin ya mutu ne ranar da ya daina amfanar masu shi.

Daga ɗaya gefen akwai masu cewa duk wannan bai kai daidaito ba, tunda rabi ba ɗaya ba ne, suna kuma nuni da Kotun Ƙolin Najeriya da a 2014, a shari'ar Ukeje, ta rushe al'adar Ibo mai hana 'ya mace gadon uba bisa hujjar tsarin mulki ya hana wariya. Musulmin Kano ba zai yarda a taɓa kason da nassi ya yanka ba, ni kuma ban ga ribar buɗe wannan muhawara a wurin da tazarar da mace ke fama da ita take tsakanin babu da rabi ba. Sai dai amsar nan da nauyinta take tafe, masu kare tsarin ne kuma za su ɗauka. Wanda ya ce rabon adalci ne saboda namiji ke ciyarwa ya ɗaure kansa da abu biyu: rabin ya isa hannun mai shi cif, ciyarwar kuma ta tabbata. Duk gonar da aka danne hujja ce da aka miƙa wa masu sukar shari'a a ɓagas, kuma ba Bature ne ya miƙa musu ba.

Gyaran bai jiran sabuwar doka. Malamin da aka kira rabon gado kada ya shafa fatiha sai an ambaci gona, an faɗi girmanta da kuɗin hayarta matan na ji da kunnensu. Wadda ta ce ta yafe a dakata har a fita takaba, a sake tambayarta ba a gaban wanda zai amfana ba. Dagatai da masu unguwanni, da ake neman shaidarsu a cinikin gona, su riƙa tambayar mai sayarwa ina 'yan'uwansa mata. Hukumar ruwa da ƙungiyoyin manoma su rubuta sunan magada duka, a daina sa mutum ɗaya a madadin gida. Kai kuma mai karatu, in akwai gonar gado a hannunka, ka san ekarta, ka san shekarun da ka yi kana nomanta, ka san kuɗin haya a garinku. Ka yi lissafin kafin a saki ruwan rani na bana, ka kai wa 'yar'uwarka da kanka, ka gaya mata haƙƙinta ne.